Ɗan Akuyan da Uwa Ta Ƙi

Shekara hamsin ina kiwo, sanyi bai taɓa kashe mini ko kaza ba. A waccan shekarar ma na shirya masa. Na toshe kafofin ɗakin dabbobi da tsumma, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa, na ɗinka wa ƙananan awaki riguna da tsohon buhu.

Ran nan da magariba na ƙirga awaki, babu Guntuwa, akuyata mai tsohon ciki. Haihuwarta muke jira, domin nonon surukata ya ƙafe, jikana ɗan wata uku kullum sai ramewa yake.

Na ɗauki fitila na bi hanyar bayan gida. Iska tana yankan kunne kamar reza. A gindin wani rusasshen bango na same ta, ta haihu. Ɗa guda a ƙarƙashinta, jiƙe, yana tururi. Wani kuma can gefe, baƙi wuluk, a bushe, yana kallona.

Na haɗa su biyu a zani. Guntuwa ta biyo ni da kuka har gida.

A ɗakin dabbobi ta ƙi baƙin ɗan. Da ya matso sai ta ja baya har ta bugi bango.

Surukata ta kama gefen zanina, ta ce da raɗa, “Inna, duba mana. Kowacce dabba hancinta na hayaƙi, ban da wannan.”

Na ce, “Ke da ko fara ba ki taɓa kiwo ba, yau ke ce malamata? Je ki ji da ɗanki.”

Na yi abin da na saba yi wa uwa mai ƙin ɗa. Na shafa masa gishiri a gadon baya don ta lasa, na ɗaure ta gajere a turke, na ja ƙofa, na cusa buhu a ƙasanta.

Bayan isha'i muna jijjiga jariri, sai kukan Guntuwa ya ɗauke. Sauran awakin ma. Har kare. Mai kiwo ya san shirun dabba ya fi kukanta muni.

Na ɗauki fitila da wuƙa, na tura ƙofar ɗakin dabbobi.

Sanyin ciki ya fi na waje. Babu warin ciyawa, babu na fitsari, sai warin tsohuwar rijiya. Awaki sun cure a kusurwa, sun ba ni baya.

Sai ƙarar tsotso. Cap. Cap. Cap.

Baƙin ɗan nan ya kai uwar tsayi. Ya durƙusa, gwiwoyinsa irin na mutum. Guntuwa tana rawar jiki, haƙarƙarinta duk a waje, igiyar da na ɗaura ta shaƙe ta.

Bai saki nonon ba, amma na ji muryarsa.

“Kaka, rufe ƙofar. Sanyi na shigowa.”

Nonon jikana yake shanyewa.

Na yanke igiyar. Na sa hannun hagu na ture kansa.

Sanyi ya cije ni har ɓargo.

Fitila ta mutu.

Na damƙi ƙahon Guntuwa, na ja da baya. Numfashi babu ɗumi yana bin wuyana.

“Ke fa kika ɗauko ni,” in ji shi.

Surukata ce ta fizgo ni ta bakin ƙofa, tana salati da ƙarfi. Muka shige ɗakinmu da akuyar, muka danne ƙyaure da turmi.

Da safe babu shi, babu sawunsa. Awaki biyu sun sandare a tsaye. Ɗan Guntuwa na gaskiya ma ya mutu a cikin ciyawa.

Guntuwa ta rayu. Nononta ɗaya ya bushe ya yi baƙi, ɗayan ya raini jikana har ya yi haƙora.

Yatsuna uku na hagu ba su ƙara yin ɗumi ba, ko na kara su a garwashi. Yaron yanzu gudu yake a tsakar gida. In na manta na miƙa masa wannan hannun, sai ya ƙwalla ƙara ya ɓuya bayan uwarsa. Da hannun dama kawai nake ɗaukarsa.