Karatun da Nazeer Ya Goge

Ranar da Falmata ta fara haɗuwa da Nazeer, ƙafafunsa ta fara gani. Yana kwance ƙarƙashin tebur a shagonsa na Madabo yana laluben wata waya. Ta yi sallama a hankali bai ji ba, sai ta tsaya rungume da laftop ɗin Babanta tana kallon kwamfutocin da ya farke cikinsu ya bari a buɗe.

Da ya fito ya gan ta, sai da ya buga kansa da tebur.

"Malama, yi haƙuri. Kin daɗe?"

"Yanzu na zo," ta ce, alhali ƙafarta har ta yi tsami.

Fankar laftop ɗin ce ta toshe. Ya hure ƙurar, ya tambayi sunanta, ya manta, ya sake tambaya. Kafin wata ya ƙare ya san hanyar gidansu a Shahuci. Kullum suna musayar saƙo a waya.

"'Yar Barno, yau na tayar da wata tsohuwar kwamfuta da aka ce a jefar. Tana kawo haske ke na tuna."

"Injiniya, wato da tsohuwar kwamfuta kake haɗa ni? Ka dai ci abinci?"

Aibin Nazeer ɗaya ne, ba ya iya ganin na'ura tana aiki ya ƙyale ta. Da aka sake kawo masa laftop ɗin a canza batir, sai ya ce bari ya burge suruki, ya saka mata manhajar Linux a gefen ta Windows ta ƙara sauri. Rana ta take, ya gaji, ya danna inda bai kamata ba. Komai ya goge.

A ciki akwai karatun Alƙur'ani na Kakan Falmata, mahaifin Babanta Malam Modu, da irin muryar nan ta Barno, yana yi yana fassarawa da Barbarci. Daga kaset aka kwaso shi, kaset ɗin kuma ruwan sama ya lalata shi tuni. Shi Malam yake saurara kullum da safe.

Nazeer da kansa ya zo ya durƙusa a zaure ya faɗa.

"Na ce maka ba ta da lafiya?" Malam Modu ya tambaya.

"A'a, Baba. So na yi ta ƙara sauri."

"Tsoho ne yake karatu a cikinta. Ina za shi da sauri? Wanda ba ya barin abu mai lafiya ya zauna lafiya, ba zan ba shi 'yata ba. Tashi."

Falmata tana bayan labule, ta ji komai. Tana nan kuma lokacin da Mubarak, ɗan ƙanwar Malam da ya daɗe yana son ta, ya kawo sabuwar laftop a kwali. Malam bai buɗe ba, amma ya fara cewa Mubarak yaro ne mai nutsuwa.

Saƙon Nazeer ya shigo: "Falmatata, kada kowa ya kunna tsohuwar. Abin da aka goge yana nan kwance, matuƙar ba a rubuta wani a kansa ba. Ki roƙar min ita."

Ta roƙa. Malam ya ce, "Ɗauki. Gawa ce."

Daga nan Nazeer ya yi tsit. Ta yi ta duba waya har ta gaji, ta yanke cewa ya haƙura da ita. Wata rana ta kasa daurewa, ta tura masa saƙo.

"In ka fasa ka faɗa min. Na gaji da jira."

"Ban fasa ba, sanyin idona. Kunya ce. Injin yana lalube, in ya yi nisa a ɗauke wuta, in koma farko. Ba na son in zo miki hannu biyu."

Da abin ya dawo, bai dawo da suna ba. Tulin fayil ne masu lambobi, karatu ya cakuɗe da ƙarar waya da tsofaffin saƙonnin murya. Nazeer bai san muryar Kaka ba, ba ya jin Barbarci. Ya zuba mata a fulash, ya dawo mata da laftop ɗin, aikin ya koma kanta.

Tana tsintar shinkafa tana saurare, tana wanki tana saurare, har kunnuwanta suka fara ciwo. Kowanne ta gane, sai ta sa masa sunan surarsa. Wasu sun dawo lafiya. Wasu sun yanke a tsakiya, nan ne Linux ya hau kai, ba za su dawo ba.

"Injiniya, na gaji wallahi."

"Ni ma. Ki yafe min, ni na ja mana."

Wata safiya ta ajiye laftop ɗin gaban Babanta ta kunna, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Muryar Kaka ta cika ɗakin. Malam Modu ya sunkuyar da kai. A tsakiyar Suratu Maryam muryar ta katse.

Sai Malam ya ɗauka daga inda ta tsaya. Irin jan nan, irin saukar nan, har da fassarar. Falmata ba ta taɓa jin ya yi karatu haka a fili ba.

Da ya kai aya Falmata ta ce, "Baba, da za ka yarda Nazeer ya zo ya ɗauki naka. Ka cike wuraren da suka ɓata."

Bai amsa ba sai bayan kwana biyu. "Ki ce ya zo. Amma ya ajiye hannunsa a aljihu."

Haka Nazeer ya riƙa zuwa duk Asabar da makirufo, yana zaune a ƙasa, in babur ya wuce a sake daga farko. Malam ya yi masa faɗa, ya gyara masa zama, wata rana kuma ya tura masa kwanon abincinsa. Kowane karatu Nazeer sai ya ajiye shi wuri uku kafin ya tashi.

Ranar da suka cike na ƙarshe, Malam ya jingina da bango, muryarsa ta dushe.

"Ka gajiyar da ni, yaro. Mubarak na ba shi haƙuri. Kai kuma ka turo manyanka."

An ɗaura aure bayan Ƙaramar Sallah. Da za a tafi da amarya, Malam Modu ya dafa kanta ya daɗe yana addu'a.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuriya mai karatu. Allah Ya hutar da ku."

Falmata ta ce amin a cikin mayafi, a hankali, amma Nazeer daga bakin zaure ya ji.