Gurun da Iya Ta Ɗaura

Ranar da Nu'uman ya je gaida iyayen Madina, kunun tsamiya ne ya kusa raba shi da ita.

Yana durƙushe a tsakar gidan Malam Ya'u, can bayan kasuwar Daura, kansa a ƙasa, sai Gwaggo Zubaida, ƙanwar maigidan, ta zo wucewa da kwanon kunu da aka sauke yanzu-yanzu. Zane ya harɗe ta, kunun ya tuntsure a cinyarsa ta dama. Tururi na tashi daga wandonsa, amma bawan Allah ko gezau, sai jera "ina kwana, Baba" yake yi.

Yana fita Gwaggo ta tofar da yawu.

"Yaya, ka dai gani da idonka. Kunun da ya saɓule min fatar yatsa, shi ko a jikinsa. Ɗan acaɓa ne fa, kullum Mai'adua zuwa Kongolam. Ƙwaya ce. Tir."

Daga bayan labule Madina ta ce, "Gwaggo, wallahi ba ya shan komai. Ƙafar ce take mutuwa masa lokaci-lokaci, wani sa'in cinyar ta yi kamar ana tsira masa allura..."

"Au, har kin san labarin cinyarsa? To madalla."

Madina ta fashe da kuka. Malam Ya'u ya ajiye carbi ya ce, "Na ba shi sati biyu. Likita ya duba shi a gabana. In ƙwaya ce, a mayar musu da kayansu."

Matsalar tana wajen Iya, mahaifiyar Nu'uman. Tun ranar da ya sayi mashin, shekara biyu ke nan, ta ɗaura masa gurun tsari a ƙugu, ta sa ya yi mata alkawarin ba zai cire ba ko wajen wanka. Da ƙafar ta fara mutuwa sai ta ce sammun mahassada ne. Duk ranar da ya yi ƙorafi, ta ƙara laya ɗaya, ta ƙara tamke igiyar.

"Babu asibitin da za ka," in ji ta. "Su tuɓe ka su karya maka tsari? In 'yar tasu gwal ce, su riƙe abarsu."

Da la'asar ya je zance yana jan ƙafa.

"Sori, Madina. Iya ta hana."

"To ni ma na hana kaina abinci kwana uku," ta ce, idonta jajur. "Gwaggo har ta fara yi wa Baba tallan wani mai shagon taya a Zango. Ban ce ka saɓa wa Iya ba. Ka roƙe ta ta raka ka, kome za a yi a yi a gabanta."

Kwana tara yana roƙo kafin Iya ta yafa mayafi.

A asibiti, da rakiyar Malam Ya'u da Gwaggo, aka auna jini da fitsari: babu ƙwaya, babu ciwon suga. Likita ya tambaye shi ko bayansa na ciwo, ya ce a'a. Ya shafa masa auduga a gefen cinya, bai ji ba. Sai ya ce ya ɗaga riga.

Jama'a, ni da ba na fita ƙofar gida sai na fesa turare kala uku, an cuce ni da aka sa na rubuta wannan wuri. Guru ne baƙi ƙirin, ya sha gumin shekara biyu da ruwan wanka da ƙurar hanya, layu goma sha ɗaya sun manne da juna kamar daddawa. Fatar ƙarƙashinsa ta yi fari fat, ta jiƙe, ta lotsa. Warin ya cika ɗakin, ya fita baranda ya iske Gwaggo Zubaida a kan benci, ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Wani abu ya mutu a nan?"

Likita ya ja da baya, ya buɗe taga.

"Iya, akwai jijiyar da ta bi ta nan ƙugu, ita ke kai ji ga fatar cinya. Wannan abin ya danne ta, ga zaman mashin yini guda. Ina kyautata zaton shi ne. In an cire bai samu sauƙi ba, sai mu yi hoton baya."

"Tsarinsa ne fa, Dokta."

Malam Ya'u ya ce a hankali, "Hajiya, tsari na Allah ne. Wannan kam bai tsare shi daga kunu ba."

Iya ta dubi ramin da igiyar ta yi a jikin ɗanta. Hawaye ya zubo mata. Da hannunta ta karɓi almakashi ta datse.

Ba a rana ɗaya ya warke ba. Sati shida Madina tana haƙuri da habaicin Gwaggo, wadda ta ce ita ba ta yarda da takardar likita ba. Ranar da ya dawo gaisuwa, yana durƙusawa ta zo wucewa da ludayin kunu, ta ɗiga masa a daidai wurin, da gangan.

"Wayyo Allah!" Nu'uman ya yi tsalle har hularsa ta faɗa kwata.

Gwaggo ta gyara ɗaurin zane ta ce, "To, yanzu a sa rana."

Bayan biki Madina ta faɗa masa gaskiya: "Na daɗe ina jin warin nan, na ɗauka fetur ne."

Ku 'yan mata, ku koyi haƙurin Madina, wadda ba ta zagi babba ba, ba ta kuma saki gaskiya ba. Ku kuma iyaye, ba kowane ciwo ne aikin mahassada ba. Kafin ku zargi maƙwabci, ku duba abin da kuka ɗaura wa yaro da hannunku.