Ruɓaɓɓen Dutsen Bayan Fada

A zamanin sarkin da ake wa laƙabi da Gajere, a ƙarshen rani, mayaƙan yamma suka kewaye birnin kan tudu. Ramuwar gayya suka zo yi, saboda ayarinsu da aka tare. Ba su san abin da birnin ke ɓoyewa tun kaka da kakanni ba: akwai ramukan zinariya a bayan fada.

Mahaƙa sun ce a farkon duniya ruwan zafi ne ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya bi tsagar duwatsu, ya daskare fari fat, da zinariya da wani ƙarfe a jikinsa. Ruwan sama ya yi ta cin ƙarfen har ya zube, ya bar dutsen da huji-huji kamar saƙar zuma. Zinariya kuwa ba ta tsatsa, sai ta yi zamanta a ciki. Don rashin ƙwarinsa, a turmi mata ke daka shi.

Da kewayen ya yi tsawo, kibau suka ƙare, duwatsun jifa ma haka. Sarki ya ce a kwaso tarin ruɓaɓɓen dutsen da ke bakin ramuka a hau da shi ganuwa. Galadima, ƙanin mahaifinsa, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, hadari ya fara haɗuwa. Mutanen nan manoma ne, ga su can suna ɗaure kaya. A yi haƙuri."

"Baffa, su tafi su ce ko tsakuwar jifa ba ta rage mana ba?"

"Wannan dutsen ba ya kisa, ranka ya daɗe. Magana yake yi."

Sarki ya kawar da kai. Kunya ce ta dame shi, ba tsoro ba.

Da safe maharan suka matso, harin fita kunya kawai. Aka yi musu ruwan duwatsu. Kowanne ya bugi garkuwa sai ya wargaje, ko mutum ɗaya bai faɗi ba. Sai wani ya sunkuya, ya ɗebi ɓaraguzan, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Daga kan ganuwa Galadima ya hango ana sauke wa raƙuma kaya.

Bayin Allahn nan ba su yi noma ba a shekarar. Kafin kaka birnin ya faɗi, kuma an ce a cikin ramukan nan Gajere ya ƙare kwanansa, yana haƙa wa wasu.

Ni dai ban ga laifin dutse ba. Ya riƙe amanar gidan tun kafin a haifi sarki, sai da aka jefar da shi ya tona.