Rezar Mayo

"Tukunya arba'in, Kangwa? Arba'in fa na ji ka ce!"

"Ba ni na ce ba, Kasuba. Gwaggo Chilufya ce ta..."

"To Gwaggo Chilufya ce za ta aure ni?"

Ya tsura wa takalminsa ido. Muna tsaye a gindin mangwaron bayan coci, mutane na wucewa suna satar kallonmu. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ban iya haɗiye magana ba ko a gaban fasto.

"Zuciyata, saurare ni," ya ce a hankali. "Ta rantse ranar chilanga mulilo, ranar da danginki za su kawo wa danginmu girki, in ba ta ga tukunya arba'in a tsakar gida ba, ba za ta sa baki a auren ba. Kin san ita ce ƙanwar Tata, mahaifina. Tun da ya rasu, abin da ta faɗa shi ake yi."

"A gidanmu, Kangwa? Gidan da ake tsaga ashana biyu?"

"Wata uku ya rage in kama aiki a ma'adinin Solwezi. Masu aure kaɗai ake bai wa ɗaki. In na tafi ba ke... wallahi ban san yadda zan yi ba."

Idonsa ya ciko. Shi ke nan, duk masifar da na ɗebo ta zube. Ina son mutumin nan, so na haƙiƙa, tun ranar da ya gyara mana ƙofa ya ƙi karɓar ko kwacha ɗaya, ya ce a ba shi ruwa kawai.

Da na koma gida unguwarmu Chamboli, na tarar da mahaifiyata, Mayo kamar yadda muke kiran uwa, zaune a dokin ƙofa da rezarta. Ta kwantar da tsinken ashana a kan katako, ta tsaga shi tun daga kai har gindi, ɗaya ya zama biyu. Shekara tara ke nan tana wannan aikin, tun rasuwar mahaifina.

Komai na gidanmu rabi ne. Sabulu da zare ake yanka shi. Tumatur a yanka rabi, a kifa sauran a faranti sai gobe. In an gama tuwo, Mayo za ta yayyafa wa garwashi ruwa, ta shanya shi a rana, gobe ya sake ci. Guntayen sabulu kuwa a cikin tsohuwar safa suke taruwa. Ina yarinya abin nan ya sha ba ni kunya, har ƙawayena suka sa mini suna 'yar gidan rabi.

Na faɗa mata saƙon gwaggon Kangwa, ina jiran ta ce a fasa.

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Arba'in ta ce?"

"E, Mayo."

"To za ta ga arba'in da ɗaya."

"Haba Mayo! Da me? Da gyaɗar da kike soyawa a bakin titi, ko da kitson da nake yi?"

"Ke dai miƙo mini wancan kwalin. Ba za a ce 'yar Bana Kasuba, ni uwarki, ta shiga gidan miji kai a sunkuye ba. Ubanki ba ya nan, amma ni ina nan."

Daga ranar gidan ya ƙara tsukewa. Sukari ya bar shayinmu. Man girki da murfin kwalba ake auna shi. Kwanon rufinmu ya koma wurin shanya: ganyen kabewa, ganyen wake, kuɓewa, naman kaza. Kajinmu biyu Mayo ta hana a taɓa ƙwansu, sai da suka zama goma sha ɗaya. Kasuwar Chisokone da ƙafa take zuwa, sai yamma lis, lokacin da masu kifi suka gaji suna neman rabuwa da kaya.

Kangwa ya zo wata Asabar, ya durƙusa, ya ajiye ambulan a gefen tabarma.

"Mayo, ɗan abin da za a ƙara ne..."

Ta ture shi da ɗan yatsa, kamar ta ga kyankyaso.

"Ɗana, a ina ka taɓa jin ango ya sayi abincin da za a kai masa? So kake gwaggonka ta ce da kuɗinsu muka yi musu burga? Ɗauke. Ka saya wa matarka katifa."

Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Wa ya isa da Mayo?

Wata safiya ta kira ni tana riƙe da robar maganin hawan jininta. Asibitin unguwa ya daɗe ba shi da maganin, takarda kawai suke ba ta, sai a kemis muke saya.

"Zo ki yanka mini waɗannan, idona ya fara gardama. Likita ya ce jinin ya sauka, rabi ya ishe ni yanzu."

Ban tambaya ba. Wallahi ko ɗar ban ji ba! A gidan da ashana ma rabi ce, mene ne abin mamaki a rabin ƙwaya? Na karɓi rezar, na jera su a kan katakon ashana, na dinga rabawa ɗaya bayan ɗaya. Har tsiya na yi mata.

"Mayo, ke kam da za ki samu hanya, da rana ma kin raba ta biyu, kin ajiye rabi sai gobe."

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Da kuwa na yi, 'yar nema! Ai ɓarna ce a ƙone ta duka yini guda."

Bayan nan ta fara ɗaure kai tamau da ɗankwali. In ta sunkuya a kan kaskon gyaɗa, sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Kangwa ne ma ya lura.

"Kasubana, Mayo na shan maganinta kuwa?"

"Kullum. Da hannuna nake ba ta."

"Na ga idonta ya yi ja..."

"Hayaƙi ne. Kai dai ka cika tsoro!"

Haka na ce masa. Da bakin nan nawa.

Ranar ta zo. Tun sassafe tsakar gidanmu ta cika da mata, murhu ya fi goma. Kifi busasshe da ɗanye, ganye da gyaɗa, wake, rogo, dankali, naman akuya, tsutsar itace da aka aiko daga ƙauye. Aka lulluɓe ni da zane, aka sa na tuƙa tuwon farko ana guɗa a kaina. Kowace tukunya aka rufe, sai a naɗe ta da sabon zane a ƙulle.

Ta ƙarshe Mayo ce ta dafa da kanta, ba ta bari kowa ya taɓa ba. Ta ɗaga murfin ta leƙo da ni.

Kaza ce sukutum. Ba a cire mata ko fiffike ba.

"Wannan ta Kangwa ce," ta ce. "Ya san 'yata ba rabi na ba shi ba."

Sai ga hawaye na zubo mini.

Da azahar mata suka ɗora tukwane a ka. Aka saki ganguna. Amarya ba ta bin girkinta, uwar amarya ma haka, don haka ni da Mayo muka tsaya a bakin ƙofa muna kallon jerin gwanon yana karya kwana. Unguwar nan kaf ta bi su, har masu shago suka rufe.

"Arba'in da ɗaya," in ji Mayo, tana murmushi. "Kin gani ko, Kasu... Kas..."

Na juya. Bakinta ya karkace gefe guda. Hannunta na dama ya saki ƙyauren, ta sulale ƙasa a hankali.

"Mayo! Mayo!! Wayyo Allah, jama'a ku taimaka!"

Wa zai ji ni? Gangunan bikina sun cika garin. Na kira Kangwa sau bakwai, ba a ɗaga ba. Ango na zaune a tsakiyar dangi ana wanke masa hannu, an karɓe wayarsa tun safe. Na kira kawuna, na kira matar fasto, duk suna can cikin kiɗa. Na ruga titi da lulluɓin amarya ina ihu kamar mahaukaciya, gida gida, ƙofa a rufe.

Tsoho Bashi Mulenga, maƙwabcinmu, kaɗai na samu, shi ma ciwon ƙafa ne ya hana shi bi. A baronsa na gawayi muka sa Mayo. Ni na tura har babban titi, yana ɗingishi a bayana.

A asibiti wata nas ta tsare ni da takarda a hannu.

"Tana shan maganin hawan jini?"

"Kullum."

"Guda nawa?"

"Rabi."

Ta ɗago kai. "Rabi? Wa ya ce rabi?"

"Likita ne ya..."

"Wane likita? Ga katinta nan. Ƙara mata ma aka yi wata uku da suka wuce. Wa ke raba mata?"

Na dubi hannuwana. Har yanzu akwai busasshen tuwo a farcena.

Kangwa ya iso da kwat ɗinsa, ya jiƙe sharkaf da gumi. Na faɗa jikinsa a gaban kowa, ban damu da kunya ba.

"Ni ce, Kangwa! Ni na yanka! Ka tambaye ni, na ce kana da tsoro..."

"Ya isa, masoyiyata, ya isa. Ba ki sani ba."

"Ya kamata in sani! Uwata ce!"

Mayo ba ta mutu ba. Ɓarin jikinta na dama ne ya shanye, magana kuma sai da ƙyar, kalma ɗaya ɗaya. Gwaggo Chilufya ta zo dubiya, ta zauna a ƙasa tana kuka, tana cewa ita da baki kawai ta faɗa, ko goma aka kawo za ta karɓa. Na so in zage ta, Allah ya sani. Amma na rasa ta inda zan fara, don ba ita ta riƙe rezar ba.

Saura ɗaurin aure a coci, aka ɗage. Ɗakin Solwezi aka bai wa wani.

"Mu tafi da Mayo," in ji Kangwa, ana gobe zai tafi.

"Mu ajiye ta ina? Ɗakin gwauraye za a sa ka, ku huɗu. Gashin ƙashinta kuma a nan ake yi, sau biyu a mako."

"To na fasa aikin."

"Ka fasa, ƙannenka su ci me? Shekara huɗu kana nema!"

"Kasuba, me kike so in yi? Faɗa mini, wallahi zan yi!"

"Ban sani ba... ban sani ba, Kangwa."

Da safe na raka shi tasha. Ya riƙe hannuna har kwandasta ya fara zagi.

"Zan jira ki, ko shekara nawa ne."

"Kada ka yi alkawari. Ka dai riƙa kira."

"Zuciyata..."

"Shiga mota, don Allah, kafin in hana ka tafiya."

Na tsaya har motar ta ɓace. Sannan na tako da ƙafa zuwa gida, don kuɗin motar na maganin Mayo ne yanzu. Ban gaya mata an ɗage ɗaurin auren ba. Likita ya ce kada a tayar mata da hankali.

Na tarar da ita a jingine inda na bar ta. Na canja mata zane, na kai tsohon zanen bakin famfo. Zan tsoma shi a ruwa ke nan na ji ƙulli a gefensa, ƙulli irin na mai hannu ɗaya, da haƙori aka ja shi. Na kwance.

Rabin ƙwayoyi ne. Sun kai ashirin. Kowanne da shaidar haƙori a jikinsa.

Ashe duk safiya in na sa mata guda a baki, sai ta gatsa, ta haɗiye rabi, ta maƙale sauran a kumatu har in juya baya.

Na shiga ɗaki, na durƙusa a gabanta, na buɗe tafina.

"Mayo... me ya sa? Don Allah me ya sa? So kike ki kashe ni?"

Ta daɗe tana kokawa da harshenta. Miyau na zuba ta gefen bakin, na share mata.

"Ri... riga," ta ce. "Saura... farar... rigarki."

Na kifa kaina a cinyarta na yi kuka kamar raina zai fita. Hannunta mai lafiya yana shafa kitsona.

Da na samu kaina, na ɗauki rabi biyu na sa mata a baki, na ba ta ruwa.

"Haɗiye. Duka. Buɗe bakin in gani... ɗaga harshe."

Ta buɗe kamar ƙaramar yarinya, hawaye na gangaro mata ta ido ɗaya.

"Kangwa... yaushe?"

"Ba da daɗewa ba, Mayo."

Ta gyaɗa kai, ta lumshe ido, hankalinta ya kwanta.

Na fita in hura gawayi in dama mata kunu. Na buɗe kwalin ashana. Duk tsagaggu ne, cikin waɗanda ta tsaga da hannunta kafin biki. Na ƙyasta ta farko ta karye, ta biyu ma ta karye. Na tsinci kaina ina tsince guntayen daga ƙasa, ina mayar da su cikin kwalin.