Ƙirjin da Muka Rataye a Bango

Bayan isha'i ni kaɗai na rage a cibiyar binciken asibitinmu, ina fama da sabuwar na'urar ɗaukar hoton ƙirji da muke ƙerawa. Gobe manyan baƙi za su zo ganinta, ita kuwa sai dishi-dishi take fitarwa. Raina a ɓace yake.

Ban ji an buɗe ƙofa ba, sai ga wata tsohuwa tsaye a kaina, ɗakin ya ɗauki sanyi.

"Iya, nan ba wurin ganin likita ba ne," na ce. "Fita!"

"Ni za ka ce wa fita, marar kunya?" Ta nuna babban hoton ƙirjin da muka manna a bango, wanda muke alfahari da shi gaban kowane baƙo. "Wata huɗu ina zarya kuna cewa in dawo. Da kuka ɗauka, ko sakamakon ba ku ba ni ba. Uban wa ya ce ku rataye ƙirjina ana tafa muku?"

"Wannan ba na kowa ba ne, lamba ce kawai."

Ta taka ta tsaya gaban na'urar. Ban taɓa komai ba, allon ya washe tar. Ga haƙarƙari biyu masu tsohuwar karaya, ga ƙari kamar ƙwai a ƙarƙashinsu, sak na bango.

Mai wannan lambar, da hannuna na rubuta "ta rasu" a fayil ɗinta bara. Na ɗago kai na dube ta. Duk masifar nan da take zazzagawa, ƙirjinta bai motsa ba ko sau ɗaya.