Ɗumin Bangon Baba Tela

"Sai ya tashi! Ni dai na faɗa, layin nan ba gadon kowa ba ne!"

Mai aski ne ke ɗaga murya, almakashi a hannu, ya bar wani bawan Allah a kan kujera da rabin aski. Auta tana zaune a bakin shagon mahaifinta tana ɗinka maɓalli. Ta yi kamar ba ta ji ba, alhali kunnuwanta duka biyu suna wurin.

Tun da aka buɗe shagon fiza a jikin nasu, layin bai sake zama lafiya ba. Fiza dai faffaɗan burodi ne da ake zuba wa cuku da tumatir da nama a gasa, amma yadda ake zancensa a layin sai ka rantse annoba ce ta sauka.

"Baburan masu kai masa saƙo sun tare min ƙofa!" in ji mai aski.

"Ni jikokina sun daina cin abincin gida," Hajiya mai kanti ta karɓe. "Daga sun shaƙi ƙamshin sai kuka. Wannan ai raba yara da girkin uwa ne!"

"Maiƙo ne zalla," mai kemis ya ce yana gyara tabarau. "Hawan jini a cikin kwali."

Auta ta danne dariya. Kifi na ganinka mai jar koma! Jiya da idonta ta ga kwalin fiza a ƙarƙashin teburinsa, ko ɓurɓushi bai rage ba.

Duk wannan hayaniyar ba ta dame ta ba. Mutum ɗaya ne maganarsa ke da nauyi a wurin mai shagunan layin, shi ne mahaifinta, Baba Tela. Shi kuwa tun ranar da aka hura tanderun gasa fizar bai sake dariya ba.

Shagon da ake gasa fizar na marigayiya Ummanta ne. A nan take gasa kek na biki da na suna, Baba yana ɗinki a nan gefe, bango ɗaya ne tsakaninsu. Da ta rasu aka sa kwaɗo, shekaru suka yi ta wucewa, sai bana mai shagunan ya bai wa wani saurayi haya. Da magini ya zo ya ga akwai tsohuwar kafar hayaƙi, bai yi wata-wata ba ya gina sabon tanderu daidai inda na Umma yake.

Saurayin nan da layi ke kira Mai Fiza, shi Auta take so. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma iya ɓoyewa ba. Ranar farko riga ya kawo a gyara masa aljihu, daga nan aljihunsa bai sake daina yagewa ba.

"Auta!" Baba ya kira daga ciki.

Ta shiga ta durƙusa. "Na'am, Baba."

"Na ji yaron nan yana neman ya turo manyansa."

"Haka ne, Baba."

"To ki faɗa masa kada ya wahalar da su. Muddin tanderun nan yana jikin bangona, ba ni ba shi. Ke ma ba ke ba shi."

"Baba, me ya yi maka?"

"Zafi yana ɓata min yadi."

"Wane yadin, Baba? Ni nake ninke su, ko ɗaya bai..."

"Auta!"

Ta haɗiye sauran maganar, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Idonta ya ciko.

"Baba, ban taɓa saɓa maka ba. Ka ce in bar makaranta mai nisa, na bari. Ka ce in zauna a shago, na zauna. Amma wannan... wallahi ina sonsa. Ko ka hana, ba zan yi maka ƙaryar na daina ba."

Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Yanzu za mu wurin mai shaguna," ya ce. "Da yamma za ki ga ƙarshen zancen."

Suna bin kwana, shi da mai aski da mai kemis, Auta ta faɗa shagon Mai Fiza ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta same shi yana murza kwaɓi, fulawa har gira. Can a lungu ta hango guduma jingine.

"Wannan fa?"

Ya kau da kai. "Na ji abin da Baba ya ce, bangon ba kauri gare shi ba. In na gasa na ƙarshe yau, zan rushe shi."

"Ka rushe me?"

"Tanderun, sanyin idona."

"Ka gina wani a ina? A kan titi? Kai ka ce min babu wata kafar hayaƙi a shagon nan!"

"Sai in koma tuƙin babur. Ke nake so, ba bulo ba."

Haba! Ran Auta ya ɓaci.

"Saurara min da kyau. Shekara nawa ka yi kana wanke wa wasu faranti kafin ka koyi wannan sana'ar? Dubi hannunka, duk tabon ƙuna! Yau don an yi maka ihu sai ka ɗauki guduma?"

"Don ke ne..."

"Kada ka ɗora min! In ka fasa shi, gobe duk ranar da muka kwana da yunwa ni za ka kalla. Wallahi ka taɓa tanderun nan, kada ka sake kiran sunana!"

"Auta, to ya kike so in yi? In bar shi in rasa ki, in fasa shi in rasa ki?"

Muryarsa ta karye. Ta ji tausayinsa kamar ta fashe da kuka, amma ta cije.

"Ruwa ba ya tsami banza," ta ce. "Baba ba azzalumi ba ne. Akwai abin da ke cinsa, kuma sai na gano."

Ta koma shagonsu. Ba kowa, sai keken ɗinki da ƙamshin sabon yadi. Ta zube a kan kujerar Baba, kujerar da ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi. Ta jingina da bango ta rufe ido.

Ɗumi ta ji. Ba zafin da ke ƙona yadi ba, ɗumi mai daɗi da ke ratsa baya a hankali. Ta san wannan ɗumin. Tana ƙarama a nan take barci a cinyar Baba, bayanta a jikin bangon nan, Umma tana gashi a can ciki.

Sai kuma ta ji, daidai kafaɗarta: ƙwas, ƙwas.

"Umma..." ya kuɓuce mata.

Haka Umma take yi. In shayi ya yi sai ta ƙwanƙwasa bango sau biyu, Baba ya amsa da sau biyu, ya ajiye almakashi ya zagaya. In shi ke son ganinta, shi zai fara. Ko faɗa suka yi, da wannan suke shiryawa.

Ƙwas, ƙwas.

Auta ta miƙe da gudu ta leƙa maƙwabta. Mai Fiza ya zura fiza a wuta da sheburinsa na katako, ya zaro shi, sannan ya buga shi a jikin bango sau biyu don fulawa ta kakkaɓe. Bai ma san yana yi ba. Kowace fiza da ya saka, sai ya buga. Wuni guda kenan, kullum, a bayan tsoho.

Ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo.

Da yamma tawagar ta dawo. Mai shaguna ya ce shi ba ruwansa, duk abin da Baba Tela ya yanke ya yanku. Layi ya taru a ƙofar shagon fiza, har mai rabin askin nan ya dawo kallo da hula a kai.

Mai Fiza ya fito ya rusuna. "Baba, ba sai an kai ga kora ba. Na janye wuta. Yanzu zan rushe shi."

Ya juya ya ɗauki guduma. Kafin ya ɗaga, Auta ta shige ta tsaya a bakin tanderun, ta ware hannuwa.

"Sai dai ka fara da ni!"

"Lalle yarinyar nan ido ya buɗe!" Hajiya mai kanti ta tafa hannu. "A gaban ubanki?"

"Hajiya, a yi haƙuri, ke kika saya wa jikokinki guda biyu shekaranjiya ta ƙofar baya."

Hajiya ta kama gyaran mayafi.

"Kai kuma Kawu mai kemis, a yi maganar ƙarƙashin tebur?"

"Wannan... bincike nake yi!"

Dariya ta ɓarke, amma Baba bai yi ba. "Auta, fito daga nan."

"Ba zan fito ba, Baba."

Mutanen layi suka dubi juna. Ba a taɓa jin wannan kalmar daga bakinta ba. Ita kuwa ba ta matsa ba. Ta durƙusa a inda take, bayanta ga tanderun.

"Ka yafe min, Baba. Yau na zauna a kujerarka."

Fuskarsa ta sauya.

"Na ji ɗumin. Na kuma ji ƙwanƙwasar."

"Ki yi shiru..."

"Ba zan yi ba! Watanni kana jin wannan kai kaɗai ba ka faɗa wa kowa ba. Ka ce yadi, ka ce zafi. In zafi ne, me ya hana ka janye kujerar? Shagon yana da fili, Baba! Amma kullum a nan kake jingina!"

Baba ya dafa ƙofa. Tsohon da layi ke shakkar tarinsa, sai ga shi ya sunkuyar da kai.

"Ranar farko," ya ce a hankali, "na amsa. Wallahi na amsa. Na ajiye almakashi na miƙe zan zagaya... sai da na kai ƙofa na tuna."

Hajiya mai kanti ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Ita ta yi wa Umma wankan gawa.

"Kullum sai ta mutu min sabuwa," in ji Baba. "Kullum, Auta."

Guduma ta suɓuce daga hannun Mai Fiza. Ya dubi sheburinsa, ya dubi bango, ya zube ƙasa.

"Innalillahi... Baba, fulawa nake kakkaɓewa! Haka maigidana ya koya min. Wallahi ban sani ba! Daga yau ba zan sake ba, ko hannuna zai..."

"Baba," Auta ta katse shi, hawaye har haɓa, "in aka rushe, bangon zai koma sanyi kamar da. Ni na ga shekarun da ka yi da bango mai sanyi. Ba ka warke ba, shiru kawai ka yi. Umma ba za ta dawo ba. Amma ga mutum a bayan bangon nan mai rai, yana sona, yana kuma girmama ka har zai kashe sana'arsa. Ni ba zan bari ya kashe ba, kuma ba zan bar ka ba. Duka biyun nake so, Baba, ba zan zaɓa ba!"

Baba ya juya ya shige shagonsa.

Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai aski ya ja mai rabin kai ya ce zo in ƙarasa maka. Auta ta share fuska ta bi mahaifinta. Ta faɗi gaskiya, amma ta faɗe ta a bainar jama'a, ta san abin da hakan zai iya jawowa.

Ta same shi a kujerarsa, ya jingina, ido rufe. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kai a gwiwarsa.

"Bangon ya fara hucewa," ya ce.

"Ya janye wutar, Baba."

"Taurin kan nan naki, nata ne sak."

Ya ɗora hannu a kanta. Sannan ya ɗaga ɗaya hannun, ya dunƙule, ya ƙwanƙwasa bango sau biyu.

Shiru. Auta ta riƙe numfashi. Can ciki kamar mutum yana tsoron taɓawa.

Sai ga shi a hankali: ƙwas... ƙwas.

Baba ya saki wata ajiyar zuciya, hawaye yana bin gemunsa, amma murmushi yake.

"Je ki ce masa ya mayar da wutar," ya ce. "Fulawarsa kuma ya kakkaɓe a wani wuri, bangon nan na kira ne. In na buga, shayi nake so, sukari kaɗan."

"To, Baba." Ta miƙe tana kuka tana dariya.

"Auta."

"Na'am?"

"Ya turo manyan nasa. Kuma ya daina yage aljihu, na gaji da ganin ɓarnar zare."