Katin Maganin Auta

A unguwar su Safara'u, can Dagumawa a ƙasar Wudil, babu abin da ba a ara. Ana aron gishiri. Ana aron turmi da taɓarya. Ana ɗibar garwashi a murhun maƙwabta. Kai, har magani ana ara! In yaron mace ya yi zazzaɓi, sai ta leƙa gidan maƙwabciya ta ce, "Ko akwai ragowar na wancan karon?" Haka aka taso aka tarar. Ba wanda ya taɓa ganin laifin abin.

A da babu asibiti a garin. Mara lafiya sai an ɗora shi a babur ko amalanke an kai shi Wudil. Wasu a hanya suke cikawa, Allah ya ji ƙansu. Da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, masu neman ƙuri'a suka zo suka yi alkawari, suka tafi. Aka jira, aka jira, shiru. Da mutanen gari suka gaji, suka ce bari su yi da kansu. Maza suka yi gayya suka buga bulo. Mata suka ɗebo ruwa. Aka gina ɗaki biyu da rumfa. Dattawa kuma suka yi ta sintiri zuwa ƙaramar hukuma, har aka turo musu ma'aikaciyar lafiya, Malama Hansai.

Malama Hansai gajeruwa ce, ba ta da yawan dariya, amma ta san aikinta. Ba ta daɗe ba ta gano matsala. Yawancin iyaye mata ba sa karanta rubutun jikin magani. Sai ta yi dabara. Ta yanka kwali ta yi katuna, ta zana 'yan akwatuna a kai. Kowane akwati na shan magani sau ɗaya ne. Ta je makarantar firamare ta koya wa 'yan matan aji biyar da shida yadda ake cikewa.

Ta ce musu, "Sai yaro ya haɗiye magani sannan ki ja layi a akwati. Ni ba na gidanku. Katin nan shi ne idona."

Wannan kati ya yi wa 'yan mata rana. Iyayen da suka yi niyyar cire 'ya'yansu su tura su tallar gyaɗa a bakin titi suka fasa. Malam Halliru, baban Safara'u, yana cikinsu. Ya ce tunda karatun yana da amfani a cikin gida, to ta ci gaba.

Safara'u tana aji shida. Katinta ya fi na kowa tsafta, kuma ta san da haka. Tana son yabo, ba a magana.

Wata Litinin da damina, ƙanwarta Auta ta tashi da zazzaɓi. Shekararta uku. Inna ta goya ta, Safara'u ta bi su asibiti. Malama Hansai ta duba ta ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ta ba da magani, ta miƙa wa Safara'u kati mai akwati shida.

Ta ce, "Safe da yamma, kwana uku. Ko ta tashi tana tsalle, sai ta shanye. Kin ji ko?"

"Na ji, Malama."

Aka sha na safe, aka sha na yamma. Talata da safe aka sha na uku. Kafin azahar Auta ta ware. Ta ci ɗumame, ta fita tsakar gida tana korar kaji. Inna ta yi hamdala, ta ɗauki mayafi ta tafi barka Utai.

Da la'asar sai ga sallamar Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, wadda take aure a bayan gidansu. Fuskarta duk a dame.

Safara'u ta durƙusa ta gaishe ta. "Sannu da zuwa, Gwaggo. Ina wuni? Ya mutan gidan?"

"Lafiya, ba lafiya ba, 'yar nan. Khairiyyata ce jikinta zafi zau kamar an sauke tukunya. Na ji an karɓo wa Auta magani. Ɗan sammin ragowar."

Safara'u ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Gwaggo, ba ragowa ba ne. Malama ta ce sai ta shanye. Me zai hana a kai Khairiyya asibitin?"

"Da iznin wa? Babanta ya tafi kai kaya Maiduguri, ban san ranar dawowarsa ba. Zan fita ne ban tambaya ba?" Ta nuna Auta da baki. "Dubi wannan. Ai ta warke, har ta fi ki lafiya. Ko so kike ki ce za ki hana ni?"

Allah sarki Safara'u! Yarinya ce mai kunya. Ta yaya za ta dubi idon ƙanwar babanta ta ce a'a? Ta dubi Auta, ga ta nan tana dariya. Ta tuna Khairiyya, ta ji tausayi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko maganin, ta ba Gwaggo duka.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma da yamma ta yi, ta ɗauko kati ta ga akwati uku a buɗe. Ranar Alhamis Malama Hansai take zuwa makaranta duba katuna. Me za ta ce mata? A gaban 'yan aji kuma? Ta ɗauki fensir ta ja layi. Washegari ta ja sauran biyun.

Inna ta tambaye ta, "Ke, kin ba ta maganin kuwa?"

"Na ba ta, Inna. Ya ma ƙare."

Ranar Alhamis Malama Hansai ta ɗaga katin sama ta ce, "Ku dubi na Safara'u. Haka ake yi." Aka tafa mata. Ita kuwa ko daɗi ba ta ji ba. Kunya ce ta rufe ta, ta kasa ɗaga kai.

Kwana takwas suka wuce, har ta fara mantawa. Ranar Juma'a Baba ya tafi kasuwar Wudil tun da sassafe. Hantsi bai gama ɗagawa ba Auta ta kwanta. Jiki ya yi zafi rau. Ta yi amai sau biyu. Can sai Safara'u ta ji salatin Inna.

"Innalillahi! Safara'u, zo! Yarinyar nan ta sanƙare!"

Idanun Auta sun juye, hannayenta suna karkarwa. Inna ta saɓa ta a kafaɗa, ko takalmi ba ta sa ba. Safara'u ta fizgi katin ta bi ta a guje.

Malama Hansai ta kwantar da Auta a gado. Ta sa aka jiƙa tsumma ana goga mata. Ta taɓa wuyanta, ta buɗe idonta ta duba. Sannan ta ce, "Ina katinta?"

Safara'u ta miƙa mata.

Malama ta dubi akwatunan nan shida, duk da layi. Ta ce wa Inna, "Ta shanye maganinta tas. In haka ne, ina tsoron ba zazzaɓin sauro ba ne. Wataƙila wani ciwon ne da ya fi ƙarfin ɗakin nan. Ba zan yi mata allura a makance ba. Sai an kai ta Wudil."

Inna ta ce, "Yau Juma'a, Malama! Duk masu abin hawa sun tafi kasuwa."

"Na sani. Bari in aika bakin titi a tare mana mota. Ki yi ta addu'a."

Bakin titi da nisa. Ko an tafi yanzu, sai an ɗauki lokaci kafin a dawo. Safara'u ta dubi ƙanwarta. Ɗan ƙirjinta yana hawa yana sauka da ƙyar. Wannan ce Autar da take bin ta har ƙofar gida kullum tana cewa, "Yaya, ki sayo mini alewa." In ta yi shiru, ba wanda zai sani. In ta yi shiru kuma, Auta za ta iya mutuwa a kan gadon nan. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Malama ta kai bakin ƙofa, sai Safara'u ta ce, "Malama!"

"Mene ne?"

"Ba ta shanye ba." Kuka ya ƙwace mata. "Uku kawai ta sha. Sauran na ba Gwaggo Lami aro saboda 'yarta Khairiyya. Layukan nan uku ƙarya ne. Ni na ja su."

Inna ta dafe ƙirji. "Safara'u! Ke?"

Malama Hansai ba ta tsaya faɗa ba. Ta juyo da sauri ta ce, "Kin tabbata uku?"

"Wallahi uku, Malama. Litinin biyu, Talata ɗaya."

"To yanzu na san da wa nake yi. Zazzaɓin ne ya kwanta, ya taso da ƙarfinsa."

Ta buɗe kwaba ta haɗa allura. Ta yi wa Auta, ta ɗaura mata ƙarin ruwa. Duk da haka ta aika a nemo mota, don ko ta kwana. Sannan ta dubi Safara'u. "Ita yarinyar da aka aro wa maganin fa? Rabin magani ita ma ta sha. Ruga ki ce a kawo ta."

Gwaggo Lami ta zo da Khairiyya a goye. Ashe ita ma jikin ya ƙi daɗi, yau lafiya gobe kwance. Da Gwaggo ta ga Auta a shimfiɗe da ruwa a hannu, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Ni na ja. Ni na matsa wa yarinyar nan."

Aka yi azahar, Auta ba ta motsa ba. Safara'u tana gefen gado tana fifita, ta ƙi ci, ta ƙi sha. Wajen la'asar zufa ta karyo wa Auta. Ta buɗe ido a hankali. Ta dubi rufin kwano, ta dubi yayarta.

Ta ce, "Yaya, ruwa."

Inna ta fashe da kuka tana cewa, "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi." Malama ta sallami mai motar da aka samo, ta yi masa godiya.

Nan Baba ya iso daga kasuwa, an riga an tare shi da labari. Ya tsaya a rumfa ransa a ɓace. Ya ce, "Ashe abin da karatun ya koya mata ke nan? A ja layin ƙarya? Daga yau ta zauna a gida."

Malama Hansai ta fito ta gaishe shi. Ta ce, "Malam, ta yi laifi, ba zan ɓoye ba. Amma aron magani ba a makaranta ta koya ba, a unguwa ta gani. Kuma da ba ta iya lissafin abin da aka sha ba, yau da ban san inda zan kama ba. Ta faɗi gaskiya a lokacin da faɗar take da wuya. Irinta muke so ta yi karatu mai zurfi, ta zo ta karɓe ni a ɗakin nan."

Baba ya juyo ya dubi 'yarsa. Safara'u ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, ka yafe mini. Na tuba."

Ya ce, "Tashi. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Litinin ki koma makaranta."

Bayan sati ɗaya kwamitin asibiti ya zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Aka yanke magana biyu, mai shela ya zaga gari da su. Ta farko, an daina aron magani. Ta biyu, kowane maigida ya ba iyalinsa izini tun yanzu, in yaro ba lafiya a kai shi asibiti ko da shi ba ya gari. Mijin Gwaggo Lami da ya dawo, shi ya fara amsawa.

Auta da Khairiyya suka shanye maganinsu, suka warke sarai. Safara'u ce ta cike katunan biyu. Ba ta jan layi sai ta ce, "Buɗe baki in gani."

Da kaka ta yi, wata maƙwabciya ta shigo gidan da jaririnta yana tari. Ta rage murya ta ce, "Safara'u, ko akwai ɗan ragowa? Ba wanda zai ji."

Safara'u ta gaishe ta da ladabi. Ta ce, "Don Allah ki yi haƙuri. In gishiri ne ko turmi, ga su nan. Magani kam a gidan nan ba ya ragowa. Bari in ɗauko hijabina in raka ki wurin Malama."

Suka fita tare, Auta tana biye da su har ƙofar gida tana tunin alewarta.

Yara, ku riƙe wannan. Maganin da aka ba mara lafiya nasa ne shi kaɗai, kuma sai ya shanye ko da ya ji sauƙi. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri. Safara'u ta faɗi gaskiya tana kuka, shi ya sa yau take da ƙanwa.